Ga Mari Ga Tsinka Jaka

Biradfod, Ingila
Nuwamba, 2025

Zuwa ga taubashina, sarkin noman Ruwan Bago wanda har yau ba a naɗa ba.

Ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara, da Kawu, da Inna gwaggonka, da shanun huɗarka biyu waɗanda suka fi ka shan wahala a daminar nan amma ba wanda ya ji ƙorafinsu. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara kankama.

Saƙon muryarka na WhatsApp ya iso. Na kunna shi a motar bas a hanyar asibiti, na sauka bai ƙare ba, na canza kayan aiki kana ta bayani, sai da na kai ɗakin marasa lafiya sannan ka iso kan maganar kuɗin shara da ka ce kana bi na tun watan cika-ciki. Wannan za mu yi ta a gaban Kawu, don har yanzu ba a yanke wane ne ubangidan wani tsakanina da kai ba. Na zaɓi in ba ka amsa a rubuce saboda in na yi maka da baki za ka katse ni, ko da kuwa a waya ne.

Abin da na tsinta a cikin dogon jawabinka uku ne: masara ta faɗi, aurenka na biyu ya tsaya, kuma kana son sayar da fadamar Kaka ka biyo ni Ingila. Na farkon ya taɓa ni ƙwarai, na biyun ya ba ni dariya har wata abokiyar aiki ta tambaye ni ko lafiya, na ukun kuwa shi ya hana ni barci, shi ne kuma dalilin wannan wasiƙa.

Ka ce da bazara ka sayi takin kamfa da yuriya da tsadar da ba ka taɓa gani ba, ka biya 'yan ƙwadago, ka sayi maganin feshi, Allah ya ba da ruwa, masara ta yi kyau har mutanen Zoza da Fulatan masu wucewa suna tsayawa kallo. Wannan na ƙarshe kai ka faɗa, kuma na san bakinka tun muna kiwon awaki. Amma sauran na yarda da shi gaba ɗaya, don ba kai kaɗai ka gaya mini ba: da kaka ta yi, sai mutum ya sayar da buhu biyu na masara kafin ya mayar da kuɗin buhun taki ɗaya. Manomi ya sayi tsada, ya sayar da araha, duk a shekara guda.

Ka ce wai kambun baka ne, wai maƙwabcin gonarka ne ya yaba masarar bai ce tubarkalla ba. Haba ɗan Kawu! In bakin mutum ɗaya zai karya farashin kasuwar Dawanau, ai da tuni gwamnati ta ɗauke shi aiki. Ga yadda abin ya faru. A 2024 yunwa ta kai wa mutanen birni iya wuya, tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a watan Yuni, ka kuma tuna zanga-zangar da aka yi a Kano a farkon Agusta. A watan Yulin shekarar gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Hatsin waje ya shigo. Ku kuma da kuka ga yadda masara ta yi kuɗi, kowa ya faɗaɗa gonarsa, har da wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Masu ɓoye kaya a sito suka ga farashi na gangarawa, suka fito da nasu a guje. Kasuwa ta cika. Ni ban ga laifin mai sayen kwano ɗaya da ya yi murna ba, Inna ma ta yi murna, kuma hakkinta ne. Inda nake ganin an zalunce ku shi ne an sauko da hatsi ba a sauko da taki ba. Duk wanda ya yi haka ya ɗora wa manomi ciyar da birni daga aljihunsa, kuma baɗi in manomi ya rage shuka, mai murnar bana shi zai fara kuka.

Shi kuwa takin, bari in gaya maka abin da ban sani ba sai da na zo nan. Da iskar gas ake yin yuriya, irin gas ɗin da ke ɗumama mini ɗaki. Ana yin ta a Najeriya, akwai masana'antar Indorama a Eleme kusa da Fatakwal, akwai ta Dangote a Lekki da aka buɗe a Maris na 2022, amma kaya ne da duniya ke saye da dala, don haka farashinsa dala yake kallo, ba ya kallon kasuwar Rogo. Kamfa kuma da sinadaran waje ake haɗa ta, wani daga Maroko, wani daga ƙasashe irin su Rasha. Ranar 24 ga Fabrairun 2022 Rasha ta shiga Yukiren, gas ya tashi, taki ya bi shi. Yaƙi ɗaya ya shiga gonarka ya kuma shigo ɗakina. A hunturun 2021 abin da matsakaicin gida ke biya na wuta da gas a nan fam 1,277 ne a shekara. Zuwa Oktoban 2022 ya zama fam 2,500, kuma sai da gwamnati ta sa hannu ya tsaya a nan. A watan ne tsadar kaya ta kai kashi 11.1 cikin ɗari, abin da ba su gani ba cikin shekara 41.

Akwai wata tsohuwa Baturiya a gidan da ke jikin namu, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna nesa. A wancan hunturun na shiga kai mata miya da maiɗakina ta dafa, na tarar da ita zaune a falo cikin babbar rigar sanyi da hula da safar hannu, ta rufa da bargo, numfashinta na fita kamar hayaƙi. Mitarta irin ta kati ce, sai ka je shago ka sa kuɗi sannan wuta ta zo. Ta nuna mini abin da ya rage a ciki, ta ce in ta kunna na'urar ɗumama ɗaki yau, jibi ba za ta dafa abinci ba. Ruwan zafi take tafasawa sau ɗaya da safe, ta cika fulas, ta yi ta kurɓa har dare. A shekarar, masallatai da coci-coci da ɗakunan karatu sun riƙa buɗe ƙofa don mutane su shigo su sha ɗumi kawai. Tun daga ranar, duk abin da aka dafa a gidanmu da kwanonta a ciki.

Turawan nan suna da sunan da suke kiran irin wannan hali, in masifa biyu suka faɗo wa mutum lokaci guda. Suna cewa dabul wami. Wani dattijo da na yi jinya, tsohon ma'aikacin masaƙar ulu ne a garin nan tun kafin masaƙun su mutu, shi ya ba ni labarinta wata rana da dare da barci ya ƙi zuwar masa. Ya ce kafin zaɓen 1992 ba kowa ya san kalmar a Ingila ba. Jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta John Major ce ta manna wani hoto a bango ko'ina: ɗan dambe da manyan safar dambe biyu, a jikin ɗaya an rubuta ƙarin haraji, a ɗayar tsadar kaya, wai abin da jam'iyyar Leba ta Neil Kinnock za ta kawo ke nan in ta ci. Major ya ci zaɓen a watan Afrilu, kalmar kuma ta zauna a bakin mutane. Asalinta daga Amurka ne, kuma a nan za ka ji daɗi: wami ɗin nan mugun ido ne. Wani mai zanen barkwanci a jarida, Al Capp, ya yi wani mutum a zanensa wanda in ya harare ka da ido ɗaya ka shiga uku, in ya haɗa maka ido biyu kuwa sai dai a kwashe ka. Ka ga ashe ba kai kaɗai ke zargin maƙwabci ba. Na ce wa dattijon mu a Kano cewa muke ga mari ga tsinka jaka. Na fassara masa, ya yi dariya har sai da na gyara masa matashi.

Kai da kanka ka fi ni sanin abin, don sau nawa yana same ku ina nan ina jin labari. A 2016 tsutsar tumatir da kuke kira sharon ta cinye gonaki daga Kadawa har Danja, jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, sabon kamfanin tumatir na Kadawa ya tsaya don babu abin niƙawa, kuma a watan Mayun shekarar dai aka ɗaga litar fetur daga naira 86 da sulai biyar zuwa 145. Mai noman rani ya rasa tumatir, ya kuma rasa na man injin da zai sake shuka.

Amma wadda ba zan manta ba ita ce ta farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Babban Banki ya sake fasalin naira 200 da 500 da 1,000, ya sa wa'adin 31 ga Janairu, ya ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuɗin kuma ba su wadata ba. A daidai lokacin ne gidajen mai suka bushe. Ka tuna da ka kira ni daga kasuwar Rogo kana huci? Ka kai ɗan akuya, ka yi ciniki mai kyau, mai saye ya ce sai dai tiransifa, kai kuma ba ka da asusu, aka tura asusun yaron maƙwabcinku, sabis ya ɗauke, ka riƙe igiyar akuya shi ya riƙe wayarsa kuna kallon juna har la'asar. Da kuɗin suka shiga, mai POS ya yanki rabonsa mai tsoka kafin ya ba ka tsofaffin takardu, mai shayi ya ƙi karɓarsu, ɗan bumburutu ya ce sai sababbi, ka turo babur tun daga Rogo har gida. Uwargida ta ce da ka iso ko sallama ba ka iya yi ba, tuwo kawai ka nuna da hannu. Na yi dariya a lokacin, kuma ina yi yanzu da nake rubutawa, amma na san a makonnin nan akwai waɗanda suka kai mara lafiya asibiti da kuɗi a asusu aka rasa yadda za a karɓa. Sai 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, bayan an riga an jigata.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga 29 ga Mayu, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati ta haura 500 cikin kwana biyu. Ranar 14 ga Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa irin wannan ya fi masifa ɗaya mai girma ciwo, kuma ga abin da na gani. Ta biyun kullum maganin ta farkon take bugewa. Da fetur ne kawai ya yi wuya, da ka sa kuɗi ka saya a bumburutu, sai aka ɗauke kuɗin. Da taki ne kawai ya yi tsada, da masara ta biya, sai masarar ta faɗi. Mari zafi ne da shi, yana wucewa. Jakar da aka tsinka ita ce a ciki kuɗin man shafawa yake. Saboda haka tambayar da nake so ka yi wa kanka ita ce: a cikin abin da ka mallaka, mene ne ba ya faɗuwa rana ɗaya da masara? Amsar ita ce fadamar Kaka, da shanun nan biyu. Su ne kuma ka ce za ka sayar.

To bari in gaya maka Ingilar da kake son sayen tikitinta. Hanyar da yawancin mutanenmu suka bi a 'yan shekarun nan aikin kula da tsofaffi ce. Tun 11 ga Maris na 2024 aka hana mai wannan bizar zuwa da iyalinsa, ranar 22 ga Yulin bana kuma aka rufe ɗaukar sababbi daga waje gaba ɗaya. Duk dillalin da ya ce maka zai samo maka wannan takarda a yau, kuɗin fadamarka yake so, kuma na ga waɗanda suka sayar da gida suka iso nan suka tarar babu aikin. Sauran ayyuka kuma a Afrilun 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashin da za a ba ka biza da shi daga fam 26,200 zuwa 38,700. Wanda ba ma'aikacin lafiya ba yana biyan kuɗin asibiti tun kafin ya yi ciwo, da fam 624 ne a shekara, a Fabrairun 2024 ya koma 1,035, kowane babba da nasa.

'Yan makaranta su suka fi ba ni tausayi. Akwai wani yaro Bakano da muke sallar Juma'a tare. Mahaifinsa ya yi lissafin kuɗin karatunsa lokacin fam ɗaya bai kai naira 600 ba a farashin gwamnati. Kafin Fabrairun 2024 ya ƙare fam ya haura 1,800. Kuɗin da aka tara na shekara guda ya koma na wata huɗu. A Janairun shekarar kuma aka hana yawancin ɗalibai kawo matansu, shi kuwa da sabuwar amarya a Kano. Dokar ta ba shi awa 20 kacal na aiki a mako lokacin karatu. Na sha ganinsa bayan salla yana tsaye a bakin masallaci da waya a kunne yana cewa lafiya lau Baba, komai lafiya, idonsa ya yi ja. Jama'ar masallaci ce ta haɗa masa abin da ya ƙarasa.

Kai kuma ko an ba ka bizar kyauta, ina za ka kai sanyin? A watan gobe rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, kafin ƙarfe huɗu ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba duk cikin awa huɗu ake yin su. Kai da ka saba miƙewa a gindin mangwaro bayan azahar, in ka yi irin wannan barcin a nan za ka farka da bashin salla biyu. Ba mai kawo maka fura, ba majalisar da za ka zauna ka yi ta ba da labarin masarar da mutanen Zoza suka tsaya kallo. Kuma wa zai duba Kawu da Inna? Ni na iya zama a nan ne don na san kana can. Wannan ba wasa a cikinsa.

Ga abin da nake roƙonka. Ka fara cika rumbu da abin da gidanka da na Inna za su ci har kaka mai zuwa, kada ka sayar da araha yau ka sayo da tsada a watan Yuli. Ka zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki, ka ɗaure kowace leda daban, ƙwaro ba ya rayuwa a ciki kuma ba sai ka sa guba ba. Ka sayar da abin da zai biya bashin 'yan ƙwadago, don hakkinsu ba ya jira. Ragowar ba zan ce maka ka ɓoye don jiran tsada ba, waɗanda suka yi haka bara sun ƙone. Baɗi ka raba gonar tudu: masara a rabi, waken suya da dawa a rabi. Waken suya ba ya cin yuriya kamar masara, yana gyara ƙasa, yana kuma rage wuta-wuta, ka tambayi malamin gona zai tabbatar maka. Takin shanunka ka daina bari ana kwasa kyauta don a ce maka mai kirki. Fadama kuma ka sa mata rake da albasa a ranin nan. Na ji wasu sun mayar da injin ban-ruwansu yana aiki da tukunyar gas, wasu sun sa sola, ka bincika mini farashin kowanne ka gaya mini, a taƙaice in Allah ya ba ka iko.

Zan turo kuɗin rabin takin baɗi a ƙarshen watan nan, a saya tun da rani kafin damina ta ɗaga shi. Hannun Kawu zan turo, ba naka ba, kuma ka san dalili. Ka ce da masara ta faɗi, a makon ne gidan su yarinyar da kake nema suka aiko cewa akwatin lefe uku ya yi kaɗan, sai biyar. Ka ga taka dabul wamin ta fi ta John Major. Ni dai na san in kuɗin taki suka kwana a aljihunka, da safe sun zama atamfa da takalmi. Uwargida ta yi haƙuri da kai shekara da shekaru, ta tura babur tare da kai a zuci ranar kasuwar Rogo, ka saya mata turmi ɗaya mai kyau daga kuɗin albasa tukuna. In rake ya yi kyau, kuma ita ta yarda, ni zan sayi akwati na biyar, in kuma zo ɗaurin aure in ci kaza biyu a gabanka.

Akwai ɗan Gwarzo da zai dawo nan bayan hutun ƙarshen shekara, zan ba shi lambarka. Ka haɗa mini daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya da yaji, da mazarƙwaila in an fara yi, ta Maƙarfi ko ta gida duk ɗaya, tsohuwar maƙwabciyarmu ta ɗanɗana sau ɗaya a shayi tana ta tambaya. Kada ka sa kilishi ko man shanu, dokarsu ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, a filin jirgi za a karɓe. Ka auna Inna hawan jini a asibitin Rogo kafin sanyi ya yi ƙarfi, ka turo mini hoton takardar. Ka gaida Kawu, ka ce masa maganar fadama na ji kuma ban yarda ba, na san shi ma bai yarda ba. Ka gaida uwargida da yara, da liman, da mutanen majalisa, har da maƙwabcin gonarka mai ido.

Wassalam.

Naka,
Taubashinka, kuma ubangidanka har sai Kawu ya yanke hukunci.